Daɗin Karatu Bayan Gemu Ya Fito

Wanda ya san Sabo, unguwar Hausawa da ke Mokola a Ibadan, da canjin kuɗi da tsire ya san ta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun da aka kafa ta a 1916, koyo ne ya riƙe unguwar nan, kuma koyon manya masu iyali.

Baƙon da ya sauko daga Kano ko Sakkwato a wancan zamani, ko gaisuwa bai iya ba da Yarabanci. Maigida ya ba shi masauki, sauran aiki kuwa nasa ne. In goro zai yi, sai ya koyi bambance wanda zai isa Arewa lafiya da wanda sankara ta fara ci, ya iya ɗaure huhu, ya san ranar da za a kwance a tsince. In dillancin shanu ne, aikin ya fi haka, domin bashi ake bai wa mahautan gari shanu. Dole dillali ya san su ɗaya bayan ɗaya: wa ke biya, wa ke ja, wa ya karye bara. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya bayyana wannan tsari a littafin da ya fitar a 1969.

Za a ce ai wannan neman abinci ne, ina daɗi a ciki? To, a tambayi wanda ya yi wata da watanni yana ciniki da nuni, ranar da ya fara yi wa mai sayen kayansa barkwanci da harshenta har ta ƙyalƙyale da dariya. Ko kwabo bai ƙaru a aljihunsa ba, amma ranar da fara'a zai kwana. Garin da yake jin tsoronsa ya fara zama nasa.

A zauren malam abin ya fi fitowa fili. A farkon shekarun 1950 Tijjaniyya ta hannun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta karɓu ƙwarai a Sabo, har unguwar ta tsayar da Juma'arta, malamai kuma suka ƙara daraja. Tsarin makarantar ilimi sananne ne a duk inda Bahaushe ya zauna: bayan Asuba ko tsakanin Magariba da Lisha, kowa da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Ishmawi, wani ya kai Iziyya ko Risala. Almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara masa kalma-kalma. Babu jarrabawa, babu takardar shaida, babu wanda zai ɗauke ka aiki don ka sauke Risala. Me ke sa attajiri ya bar shago ya zo ya naɗe ƙafa a kan tabarma kusa da yaronsa? Neman lada, babu shakka. Amma wanda ya taɓa ganin fuskar dattijo lokacin da malam ya warware masa wata mas'alar ƙabli da ba'adi da ta shekara ashirin tana ɗaure masa kai, ya san akwai wani abu bayan ladar. Sai ka ji ya ce "Ashe haka ne!" yana murmushi shi kaɗai.

Masana ƙwaƙwalwa sun bi sawun wannan murmushi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, sun gano cewa idan mutum ya ƙagu ya san amsar wata tambaya, sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki da sinadarin dofamin, masu motsawa in ana jiran wani abin daɗi, sukan farka. A wannan hali kuma mutum ya fi riƙe abin da ya koya, har da abin da ba shi ya zo nema ba. Kafin nan, a 2000, Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace dubban tituna, wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsu mai kula da tuna wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewa a sana'ar gwargwadon girmansa. Da za a auna ɗan acaɓar da ya haddace lungunan Beere da Oje a Ibadan, ba zan yi mamakin sakamakon ba.

Babban abin da ke hana mu wannan daɗi, a ganina, kunya ce, ta fi rashin lokaci ɓarna. Muna cewa gemu ba ya hana ilimi, amma magidanci ya gwammace ya miƙa wa yaro wayarsa, har da lambar sirrin bankinsa, da a ce an ga ana koya masa tura kuɗi. Uwa ta gwammace ta ce idonta ne ba ya gani, da 'yarta ta gane ba ta iya karanta takardar asibiti ba. Mu da ke kusa da su ma muna da laifi, don mun iya dariya in babba ya yi tuntuɓe a baƙi.

Alhali karatun manya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da matan aure tun ƙarni na 19. Gwamnatin Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Jami'ar Ibadan, wadda ba ta da nisa da Mokola, an buɗe ta a 1948, shekara ɗaya bayan nan ta kafa sashen karantar da manya a wajen harabarta. Yau kuwa Islamiyyar matan aure na cikin masu ɗaukar wannan nauyi a unguwannin Hausawa, Arewa da Kudu. Can za ka tarar da kaka da surukarta a benci ɗaya, kuma sau da yawa kakar ce ke tsayar da malama bayan an tashi, tana so a sake biya mata.