Makanikin Tabelot da a-kori-kurar da ta fara shan mai

Albasar Tabelot ba ta zama kuɗi sai ta bar gindin dutsen Bagzan ta isa kasuwar Agadas, tafiyar sama da kilomita 100 kan hanyar da babu kwalta, duwatsu nan, yashi can. Manyan motoci ke kwasar yawancin buhunan, amma zirga-zirgar yau da kullum tana wuyan a-kori-kura, wato Hilux da Land Cruiser. Su ke ɗaukar mutane da taki da jarkokin man injin ban-ruwa. Ranar da ɗaya ta fara shan mai fiye da kima, sai a nufi wurin makaniki.

Garejinsa rumfa ce da fili. Jarinsa akwatin sifana, jak, famfon iska, sai kunne da idon da suka daɗe a aikin. Yawancin masu sana'ar a matsayin yaran gareji suka fara, suna wanke ƙarafa suna miƙa sifana shekara da shekaru kafin maigida ya yarda su kwance inji.

Idan direba ya ce, "Maigida, motar nan tana cinye ni da mai," gwani ba ya saurin ɗaukar sifana. Tambaya yake fara yi: tun yaushe, a ina aka sha man ƙarshe, lodi nawa ake ɗora mata? Daga nan sai awo. A cika tanki fal, a rubuta kilomita, a je a dawo, a sake cikawa. Abin da ta sha shi ne shaida.

Bincike daga mai araha yake farawa. Direbobi kan rage iskar taya don ratsa yashi, su manta ba su mayar ba, taya mai laushi kuwa jan mota take yi. Wani ya bar giyar ƙafa huɗu a ɗaure bayan ya hau tsandauri. Makaniki zai ɗaga motar ya juya kowace ƙafa da hannu. Wadda ta ƙi juyawa sosai, birkinta na kamawa. Zai leƙa ƙarƙashi ya bi tiyon mai, ko akwai inda yake ɗiga. Sannan ya buɗe matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe cikin ɗan lokaci. Injin da bai samu iska ba, mai yake haɗiya ya fitar da shi ba tare da ya ƙone sarai ba.

Hayaƙi ma yana ba da labari. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi, inji na cin baƙin mai. Fari mai yaji a ido, gazuwal ne bai ƙone ba, galibi saitin famfon mai ya goce.

Sai waɗannan sun wuce ake taɓa inji. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda 6, lita 4.2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, ta samu karɓuwa a wannan yanki na Abzin domin famfon manta ba ya buƙatar kwamfuta. Makaniki kan sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Wanda aka sassauta ƙarar ba ta sauya ba, nan ciwon yake. Nozul mai lafiya feshi yake yi, wanda ya gaji kuwa tsiyaya. Saitin famfo na sosai da sababbin motoci masu na'urorin lantarki sun fi ƙarfin rumfa, kuma mai gaskiya kan ce wa direba ya kai birni.

Shi kansa man yana da nasa laifi. Matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011 tana da nisa, kuma man da ya isa ƙauye sau da yawa ya ratsa durom da jarka, ya kwaso ruwa da ƙasa. Shi ya sa ake tace shi da ƙyalle, ana kuma zubar da ruwan da ya taru a gindin matatar man mota.

Lissafin a fili yake. A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar gazuwal zuwa sefa 618. A kan wannan farashin, motar da ke ƙara lita 5 a kowane kilomita 100 tana asarar sama da jikka 6 a tafiyar kilomita 200, tun kafin a sa tsadar man ƙauye. A ƙarshe kuɗin kan faɗa kan manomi, ta hanyar kuɗin dakon kayansa.

Kuɗin hannun makaniki ciniki ne, wani lokaci bashi har a sayar da albasa. Kayan gyara sai an aika Agadas, a jira, wani sa'in a kawo jabu. Ga zafin rana, ga kwanciya kan tsakuwa, ga kiran dare idan mota ta mutu a daji. Da damina ruwan kori kan yanke hanya, aiki ya ja baya, sai gyaran injinan ban-ruwa ya riƙe gida.

A ƙaramin gari kowa ya san aikin kowa. Wanda ya kwance inji alhali matatar iska ce ta toshe, sau ɗaya zai ci wannan kuɗin. Wanda ya busa matata, ya ƙara iskar taya, ya karɓi ɗan abin da ya dace, shi direbobi ke kai wa babban aiki, kuma wurinsa iyaye ke kai 'ya'yansu koyon sana'a.