Farar Hodar da Ke Neman Kujerar Zinariya a Ɗakin Gwaji

Idan jami'in NAFDAC ya ɗora 'yar na'urar TruScan a kan ƙwayar maganin zazzaɓi don ya gane ta gaske ce ko jabu, haske yake tambaya. Hasken leza ya daki ƙwayar ya dawo, sai ɗan kaɗan daga cikinsa ya dawo da launin da ya sauya. Kowane sinadari da irin nasa sauyin, kamar zanen yatsa. Masanin Indiya C.V. Raman ne ya gano haka a Kalkata a 1928, aka ba shi kyautar Nobel a 1930.

Sai dai muryar wannan haske raɗa ce. Cikin ƙwayoyin haske miliyan, da ƙyar a sami ɗaya da ta sauya. Ga ƙwayar magani sukutum, hakan ya wadatar. Amma burbushin maganin ƙwari da ya maƙale a jikin wake, irin wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015, raɗarsa ba ta kai kunne. Ga shi kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A 1974, Martin Fleischmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila suka zuba sinadarin firidin a kan azurfar da aka yi wa kaushi, sai raɗar ta koma ihu. A 1977 aka tabbatar fuskar azurfar ce ke ninka ƙarfin hasken, har kusan sau miliyan. Dabarar da ake kira SERS ke nan, kuma tun lokacin azurfa da zinariya suke sarautarta. Amma zinariya akwai tsada, azurfa na dusashewa, kuma ƙarfin yakan taru a 'yan lunguna, yadda gwajin yau kan saɓa wa na gobe.

Shi ya sa masana suka waiwayi semikondakta, kayan da ba sa tare lantarki gaba ɗaya, ba sa kuma sakar masa hanya gaba ɗaya. Cikinsu akwai titaniyam dayoksaid, farar hodar da ke cikin fentin bango, da zink oksaid na man shafawa. Aikinsu daban ne: haske na sauka, sai ilaktiron ya tsallaka tsakanin hodar da sinadarin da ya manne mata, wannan musayar ce ke ɗaga muryar.

Abin da ya fi burge ni, aibinsu ne ƙarfinsu. A 2015, masu bincike a Suzhou ta ƙasar Sin suka cire wa tungistan oksaid wasu ƙwayoyin iskar oksijin da gangan. Giɓin da aka bari ya zama matakalar ilaktiron, ƙarfin ya ninku fiye da sau 300,000. Titaniyam dayoksaid kuma na wanke kansa: a haska masa hasken ultrabayolet, ya narkar da ragowar sinadarin, a sake gwaji a kansa.

Har yanzu azurfa ta fi su jin raɗa, kuma yawancinsu ba su bar ɗakin gwaji ba. Amma abin da ke da araha shi ke iya zuwa kasuwa. Ranar da wannan hoda ta kai, a bakin buhu za a gwada wake a kasuwar Dawanau, tun kafin a ɗora shi a mota, tun kafin uwa ta zuba shi a tukunya.