SU A TABKUNAN DAMAGARAM IDAN RUWA YA JA BAYA

Ƙasar Damagaram ba ta da babban kogi mai gudu duk shekara. Damina gajera ce. Ruwan sama yakan sauka a watan Yuni ko Yuli, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Abin da ake samu a birnin Zinder a shekara wajen milimita 400 ne. Duk da haka akwai masunta a ƙasar. A kudu akwai kwarin Korama da tabkunansa, wajen Matamaye da Magarya. A gabas akwai tabkin Gidimuni, bisa hanyar Gure, da kuma tabkin Lasuri.

Da damina masunta da yawa suna gona. Su yakan kankama ne da kaka, bayan an yanke hatsi, lokacin da ruwa ya fara ja baya.

1. Ina ruwan yake tafiya?

Idan ruwan sama ya ɗauke, tabki yana raguwa ta hanya uku. Rana da iska suna ɗaga ruwa sama, ya zama tururi. Ƙasa tana tsotse wani. Mutane da dabbobi kuma suna ɗiba, don sha, da bayin lambu, da yin tubali. Rana da iska su ne suka fi ci. A wannan yanki suna iya shanye ruwa mai zurfin mita 2 cikin shekara guda.

Saboda haka ƙaramin tabki yakan ƙafe tun da hunturu. Mai zurfi yakan kai bazara. Wasu, kamar na Gidimuni, suna samun ƙari daga ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa suke daɗewa da ruwa.

2. Yadda kifi yake yi

Da damina ruwa yana malala cikin ciyawa. Kifaye suna bazuwa, suna cin ƙwari da tsiro, suna yin ƙwai. A lokacin kamunsu da wuya, don wuri ya yi musu faɗi. Da ruwa ya ja baya, sai su taru cikin gurabu masu zurfi. Abinci ya ragu, wuri ya matse.

Akwai wata wahala kuma. Kifi yana numfashi da iskar da ta narke cikin ruwa. Ruwa mai ɗumi, marar gudu, ba ya riƙe iska da yawa. Kowane irin kifi da yadda yake jure wannan hali.

Karfasa ba ta iya rayuwa a waje da ruwa. Idan iska ta yi ƙaranci, sai a ga karfasa ta taso sama da asuba, tana buɗe baki. Idan tabki ya ƙafe, ta mutu. A wani irin karfasa, uwa tana riƙe ƙwai da ƙananan ƴaƴa cikin bakinta har su yi ƙarfi.

Tarwaɗa ta fi jimiri. Cikin kanta akwai wani sashe da take shaƙar iskar waje da shi. Tana iya zama cikin taɓo mai ruwa kaɗan. Da dare, idan ƙasa tana da laima, takan ja jiki daga wannan gurbi zuwa wancan.

Gaiwa kuwa tana da huhu. Idan ruwa ya kusa ƙarewa, sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe jikinta. Yauƙin jikinta ya bushe, ya zama kamar jaka. Tana barin ƴar kafa ta numfashi. Haka take kwance wata da watanni, ba ci ba sha, har damina ta dawo. Da rani mutane sukan tono ta da fartanya a busasshen tabki.

3. Dabarar mai fatsa

Wanda bai sani ba yakan ce kamun kifi da sauƙi idan ruwa ya yi kaɗan. Ga mai taru gaskiya ne. Ga mai fatsa kuwa, lokacin ne ake sanin gwani.

Bayan damina laka tana kwantawa, ruwa ya yi garau. Kifi yana ganin mutum tun kafin mutum ya gan shi. Hausawa suna cewa: «Kifi na ganinka, mai jar koma.» Ban da gani, kifi yana jin motsi. A gefen jikinsa akwai wani layi, daga kai har wutsiya, wanda yake jin girgizar ruwa da shi. Takun ƙafa a bakin tabki ya isa ya kore shi.

Don haka masunci yana zuwa a hankali. Yana zaɓen wurin da inuwarsa ba za ta faɗa bisa ruwa ba. Yana tsugunawa bayan ciyawa, ba ya surutu. Yana sa siririn zare da ƙaramar ƙugiya, don kada kifi ya gane. A ƙugiyar yana soka tana, ko fara, ko ɗan dunƙulen tuwo. Yana ɗaura guntun kara a jikin zaren. Idan karan ya nutse, kifi ya ci.

Yana kuma lura da lokaci. Da kaka, sassafe da maraice sun fi. Da hunturu sanyi yana rage wa kifi son abinci, sai a jira hantsi, ruwa ya ɗan yi ɗumi. Karfasa ana nemanta kusa da ciyawa. Tarwaɗa tana ƙasa, tana laluben abinci da gashin bakinta, ta fi ci da dare.

Ban da fatsa akwai birgi da ake jefawa, da kalli da ake shimfiɗawa ya kwana, da mamari mai ƙugiyoyi jere, da gura, da koma. A wasu garuruwa ba a shiga tabki sai sarkin ruwa ya ba da izini. Ran nan sai a yi su na gayya, manya da yara. Wanda ya fi suna a ƙasar Hausa shi ne na Argungu, a jihar Kabi ta Nijeriya. An fara bikinsa a shekarar 1934. Shi ma da rani ake yin sa, lokacin da kogi ya janye.

4. A wata ƙasa mai nisa

A Turai akwai wani kifi da ake kira samon. Ana ƙyanƙyasarsa a kogi, ya gangara teku ya girma. Bayan shekara ɗaya ko fiye, sai ya komo kogin da aka haife shi don ya yi ƙwai. A ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila, kogin Tuwid ya yi suna wajen kamun samon da kaka, har cikin watan Nuwamba.

Samon yana daina cin abinci idan ya shigo kogi. Masunta suna ruɗinsa da ƙwaron ƙarya, wanda suke ɗaurawa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya. Idan ruwan sama ya yi jinkiri, kogi ya ja baya, sai samon ya kwanta cikin gurabu yana jira. A lokacin masuntan can suna sa ƙaramin ƙwaro da siririn zare, suna fita da sassafe ko da almuru, suna takawa a hankali. Dabararsu ɗaya da ta mai fatsa a Gidimuni. Da yake samon ya ragu ƙwarai, yawancin wanda suka kama suna sake shi ya koma ruwa.

5. Kifin baɗi

Lokacin da kamu ya yi sauƙi, shi ne lokacin da ɓarna ta fi sauƙi. Kifin da ya tsira a gurbi da rani, shi ne zai yi ƙwai da damina. Idan an kwashe shi duka, an cinye iri ke nan, kamar manomin da ya daka irin shukarsa. Raga mai ƙananan idanu, irin gidan sauro, tana kwashe har ƴaƴan kifi. Guba tana kashe komai, tana kuma cutar dabbobin da suka zo shan ruwa. A shekarar 1998 Nijar ta kafa dokar su wadda ta hana irin wannan ɓarna. Ma'aikatan daji da ruwa su ne masu sa ido. Su kuma suke taimakawa wajen zuba ƴaƴan kifi cikin tabkunan da kifinsu ya ƙare.

Ruwan kansa ma yana iya tafiya. A shekarar 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25.000. Bayan farin 1973 da na 1984, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Masunta da yawa suka bar sana'a, wasu suka yi ƙaura. A Damagaram, rairayi da iska ke turowa yana cike tabkuna, ciyawar kacala kuma tana rufe bakin ruwa. A shekarar 1971 ƙasashe suka ƙulla alkawarin kiyaye dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran. An sa tabkin Lasuri cikin wuraren da ake kiyayewa a 2005, na Gidimuni kuma a 2019.

Masunci kuma yana kula da lafiyarsa. Cikin ruwan kwance akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana shiga ta fatar wanda ya tsaya cikin ruwa. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa sai a kai shi likita, akwai magani. Ba a kuma yin fitsari ko ba-haya a tabki, don ta nan ciwon yake komawa ruwa.

Kalmomi

su: sana'ar kamun kifi.
gurbi: wuri mai zurfi inda ruwa yake saura.
fatsa: kamun kifi da ƙugiya da zare.
dausayi: wuri mai laima da ciyawa, inda ruwa yake kwanciya.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi uku ruwan tabki yake raguwa?
2. Me ya sa tarwaɗa ta fi karfasa jure ƙarancin ruwa?
3. Yaya gaiwa take yin rani?
4. Don me mai fatsa yake lura da inuwarsa?
5. Me zai faru idan an kwashe kifin gurbi duka?

Aiki

A tambayi wani masunci sunayen kifi biyar da kayan su uku, a rubuta su cikin littafi.

Lissafi: zurfin wani tabki santimita 120 ne. Kowane mako yana raguwa da santimita 5. Bayan mako nawa zai ƙafe?