Godiya ga mushe: katin waya ko tiyar hatsi?

A Gesheme, cikin jahar Doso, idan watan Yuni ya kama, lakwal ta doshi babban hutu, iyaye kan tuna da wahalar mushe. A da, ƙwan zabi ko tiyar hatsi ake kai masa. Yau ƴan kasuwa da ma'aikata sun fi karkata ga katin waya na jaka ɗaya ko biyu, domin malamin kwantaragi da albashinsa ya yi jinkiri ya samu kiran gida. Amma a fara tambayar layinsa, Airtel ne ko Moov. Sannan a kula da lokaci: kyautar da ta riga sakamakon jarrabawa, toshiyar baki ce a idon jama'a. Wadda ta biyo bayansa ita ce godiya.