Sanin Tsuntsaye Da Ido Da Kunne

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Manomin ƙasar Gumel da ya lura da wannan magana zai amfana, domin a cikin tsuntsayen da ke sauka gona akwai ɓarayi, akwai kuma masu yi masa aiki ba lada. Wanda bai rarrabe su ba ya kan kashe mai taimakonsa, ya bar maɓarnaci yana cin gero.

Abu huɗu a ke dubawa: girman tsuntsu, da launinsa, musamman bakinsa, da irin tashinsa, da kukansa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe da kuma bayan la'asar, sa'ad da su ke fita kiwo da komawa makwanci. Mai koyo ya zauna shiru gindin itace, rana tana bayansa.

Babban abokin gaba shi ne jan-baki. Ɗan ƙarami ne, jikinsa ruwan ƙasa, bakinsa ja kuma gajere. Da damina fuskar yawancin mazan ta kan yi baƙi, bakin matan kuwa ya koma rawaya. Ba ya tafiya shi kaɗai. Daga nesa garkensu kamar hayaƙi ya ke, yana murɗawa, in sun matso kuwa sai a ji fukafukansu kamar iskar hadari, da cacaniya ba tsayawa. Su kan yi sheƙa a itatuwan ƙaya, su kan kuma kwana cikin ciyawar kacalla ta fadamun Haɗeja da Nguru. Tsuntsu guda ya kan ci hatsi wajen giram 10 a yini. Watau guda 10,000 sun cinye buhu mai kilo 100 ke nan kafin magariba, ban da wanda su ka kakkaɓe ƙasa. Sun fi ɓarna lokacin tumu, tun ido bai yi tauri ba.

Kada a ɗauki marai a kan jan-baki. Marai ya fi girma, namijin rawaya ne mai baƙin kai, shi ne mai rataya sheƙa a itatuwan cikin gari. Yana taɓa hatsi, amma garkensa bai kai na jan-baki ba. Ita fakara da kunne a kan san ta, gama da asuba ta kan yi kuka mai kaushi. Inda a ka ji ta a kula da shuka, domin tana tone iri.

To, ga masu taimako. Shamuwa baƙa ce mai farin ciki da dogayen ƙafafu, ba ta da yawan kuka. Ta kan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa cikin gari, in kaka ta yi ta koma kudancin Afirka. Abincinta fara da tsutsa. Balbela fara ce fat, tana bin shanu tana cafke farar da su ka tayar, kamar yadda kowa ke gani a burtalin da ke zuwa kasuwar Maigatari. Mujiya, wadda a ke tsoron kukanta da dare, ɓeraye ta ke farauta kusa da rumbu. Bai kamata yara su harbe su da gwafa ko su ɗebe ƙwansu ba.

Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya ga jan-baki suna wucewa ta hanya ɗaya da yamma, kwana biyu ko uku a jere, ya sani akwai makwancinsu kusa. Ya gaya wa mai unguwa da malamin gona nan da nan. Maƙwabta su haɗa kai su kafa rumfar tsaro, su ja igiya da gwangwanaye, a fito tun asuba. In hatsi ya nuna a girbe ba jinkiri.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.