Lambar da kwamfuta ke bayarwa da wadda mutum ya rubuta da hannunsa: darasi daga rajistar yaranmu

A watan Satumba, makon da aka koma lakwal, wata mata ta same ni a ƙofar gida nan Outoul, riƙe da hannun 'yarta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Mushe, an ce wai 'yata ta karɓi jaka bara. To bara ma ba mu zo garin nan ba."

Gaskiyarta. Bana aka rubuta yarinyar a rajistar 'yar ƙungiyarmu ta iyaye, wadda ke tara kuɗi ta saya wa yaran marasa ƙarfi jaka da kaye da alƙalami. Da yake kayan ba sa isar kowa, ƙa'idarmu ita ce wanda ya samu jaka bara sai ya haƙura bana. Kwamfuta ta nuna yarinyar ta samu, aka cire sunanta. Babu wanda ya ci amana, babu wanda ya yi ƙarya. Laifin yana wajen lamba, kuma ni ne na jawo shi.

Shekaru muna riƙe da rajistar a babban kaye, kowane yaro da lambarsa, daga 1 har 137. Da wani ƙanena da ya karanta kwamfuta a Tamanrasset ya ce mu mayar da ita cikin rumbun bayanai, na ce bismilla, amma da sharaɗi: kowane yaro ya riƙe lambarsa ta kaye, domin iyaye sun saba da ita. Muka shigar da yaran da suke nan. Masu lamba 1 zuwa 8 duk sun tafi, wasu sun gama, wasu iyayensu sun koma Agadez ko Arlit, don haka muka bar su. Amma jadawalin rabon kaya na shekarun baya mun kwafe shi kakaf, har da na waɗanda suka tafi.

Irin wannan rumbu yana ajiye bayanai ne a jadawali daban-daban, lamba ce ke haɗa su. Edgar Codd, wani masani a kamfanin IBM, shi ya shimfiɗa wannan tsari a 1970. Jadawalin yara yana cewa lamba kaza sunanta wance. Jadawalin rabo ba ya ɗauke da suna, sai dai ya ce lamba kaza ta karɓi jaka ran kaza. Idan lamba ɗaya ta faɗa kan mutum biyu, tarihin ɗaya ya zama na ɗayan ke nan.

Don kauce wa haka ne ake barin kwamfuta ta riƙa ba da lambar da kanta. Akwai ɗan injin ƙirge a gefe, duk sabon layi ya zo sai ya miƙa masa lamba ta gaba. Tambayar ita ce, idan mutum ya rubuta tasa lambar da hannu fa, me zai faru? A nan ne manhajoji suka sha bamban, kuma a nan muka faɗi.

Ƙa'idar yaren SQL ta 2003 ta kawo hanya biyu. Ta farko ana rubuta ta GENERATED ALWAYS AS IDENTITY, wato kwamfuta ce kaɗai ke ba da lamba, idan ka kawo taka za ta ƙi karɓa. Sai fa idan ka faɗa mata ƙarara da kalmomin OVERRIDING SYSTEM VALUE cewa da gangan kake yi. Ta biyu ita ce GENERATED BY DEFAULT AS IDENTITY: ka kawo lamba a karɓa, ka bar gurbin a cika maka. Oracle ta shigo da wannan tsari a fitowarta ta 12c a 2013, PostgreSQL kuma a fitowa ta 10 a 2017.

Ƙanena PostgreSQL ya yi amfani da ita, ya zaɓi hanya ta biyu saboda sharaɗin da na gindaya. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, a wannan manhaja injin ƙirgen ba ya leƙa abin da ka rubuta da hannu. Mun cusa lambobi har 137, shi kuwa yana nan tsaye a kan 1. Da aka fara rubuta sababbin yara, ya ba na farko 1, na biyu 2, yarinyar nan ta samu 3. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, tunda a jadawalin yara babu mai waɗannan lambobin. Shi kuwa tsohon mai lamba 3 ya karɓi jaka bara kafin su tashi, kuma wannan layin yana nan a jadawalin rabo. Yarinya ta gaji lambarsa, ta gaji jakar da ba ta taɓa gani ba.

Sai da aka zo yaro na tara asiri ya tonu. Injin ya miƙa 9, alhali 9 tana da mai ita, kwamfuta ta ƙi. Aka sake gwadawa, ya miƙa 10, ta sake ƙi. Kowane gwaji yana cinye lamba ɗaya ko da bai yi nasara ba, domin injin ba ya komawa baya. Wannan kuskure mai ƙara ya fi mana alheri, don shi ya sa muka tsaya muka duba. Wanda ya cuci yarinya shi ne mai shiru.

Da a ce MySQL muka ɗauka, labarin zai bambanta. Gurbinta mai suna AUTO_INCREMENT yana karɓar lambar hannu, kuma idan ta fi ta injin girma, injin yana tsallakawa ya ci gaba daga can. Da mun gama shigar da 137, sabon yaro zai samu 138. Amma wannan sauƙin ma da nasa tarko. Ɗauka mai shigar da bayanai ya yi kuskure ya rubuta lambar wayar uba a gurbin lambar yaro. Lambobin salula a Aljeriya guda 10 ne masu farawa da 05 ko 06 ko 07, idan sifirin farko ya faɗi sai su koma adadi na ɗaruruwan miliyoyi. Daga ranar duk sabon yaro zai riƙa samun lamba mai tsawon gaske. Gurbin lamba na yau da kullum kuwa iyakarsa 2,147,483,647, in an kai nan ba sauran shiga. Haka kuma a MySQL idan ka rubuta 0, bisa al'ada ba ta ajiye sifirin, sabuwar lamba take ba ka.

SQL Server ta kamfanin Microsoft ta fi tsauri. Ba ta karɓar lambar hannu sai ka kunna wani makunni mai suna IDENTITY_INSERT, kuma jadawali ɗaya tak ake kunna wa a zama guda. Idan lambar da ka saka ta fi ta injin, tana matsar da injin gaba.

Sai SQLite, wadda take cikin wayoyin Android da iPhone da ke aljihunmu. Ita tana duba lamba mafi girma a jadawali ta ƙara ɗaya. Ke nan idan ka goge layin ƙarshe, sabon shiga zai iya gadon lambarsa, irin dai abin da ya samu yarinyarmu. Wanda ba ya son haka sai ya ƙara kalmar AUTOINCREMENT, ita ke hana maimaita lambar da aka taɓa bayarwa.

Mu da ke zaune a ƙasar nan muna da misali a kan hanya kullum. Motocin da ke wucewa ta Outoul a kan titin RN1, kimanin kilomita 20 daga Tamanrasset, lambar wilaya ce a ƙarshen farantinsu. Tamanrasset ita ce 11. Da dokar 2019 ta ƙirƙiro sababbin wilayoyi 10, aka yanki In Salah da In Guezzam daga jikin Tamanrasset, ba a sake lissafi daga farko ba, ba a kuma raba musu 11 ba. An ci gaba daga 49, In Salah ta samu 53, In Guezzam 54, Tamanrasset ta zauna da lambarta. Tsohon farantin da ke ɗauke da 11 bai koma na wani gari ba. Haka lambar shaidar ɗan ƙasa, mai lambobi 18 a Aljeriya da 11 a Nijeriya: hukuma ke bayarwa, mutum ba ya zaɓa.

Gyaran namu bai ɗauki awa guda ba. Ƙanena ya umarci injin ya tashi daga 138 da kalmomin RESTART WITH, muka sake wa yara takwas ɗin lamba, muka mayar da tsofaffin takwas cikin jadawali da alamar sun tafi. Sannan ya juya gurbin zuwa ALWAYS, ya kuma ɗaure jadawalin rabo da na yara, yadda ba za a iya rubuta rabo ga lambar da ba ta da mai ita ba. Da wannan ɗaurin yana nan tun farko, da kwamfuta ta tsayar da mu ranar kwafi. Ya ce da ni, "Yaya, ai kai ka ce a bar musu lambar kaye." Na ce na amsa laifina.

Ga masu riƙe da rajistar makarantar Islamiyya, ko asusun adashi, ko littafin bashin shago, da suke shirin mayar da shi kwamfuta, ga abin da na koya. Idan mutane sun saba da tsohuwar lamba, a buɗe mata gurbi nata daban, a bar kwamfuta ta ba da tata. Idan dole ne a shigar da lambobin hannu, to da an gama a tambayi mai haɗa manhajar: a kan nawa injin yake tsaye yanzu? A gwada rubuta mutum ɗaya a ga lambar da zai samu kafin a fara aiki. Kada a goge wanda ya tafi, a sa masa alama kawai. Kada kuma giɓi ya dami kowa. Idan daga 140 an tsallaka 143, ba ɓata aka yi ba, kuma yunƙurin cike giɓin da hannu shi ke haifar da rikici. Lambar nan ba ƙidayar mutane ba ce, in ana son sanin yawan yara sai a ƙirga layuka.

Ranar Asabar na kai wa yarinyar jakarta har gida, na ba uwarta haƙuri. Ta ce ba komai, amma ta tambaye ni ko akwai wasu yaran da abin ya shafa. Na koma na bi sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, na samu ƙarin biyu da aka cire kamar 'yarta, iyayensu kuma ba su zo sun yi magana ba. Su ma an kai musu nasu.