Igiyar da Ta Ceci Kakan Shugabannin Amurka Uku

A shekarar 1620, a tsakiyar tekun Atlantika, guguwa ta ritsa da wani jirgin ruwa na katako mai suna Mayflower. Ana cikin haka wani saurayi ya fito daga ƙasan jirgin, sai jirgin ya karkata, ya sulale cikin ruwa. Da yake da sauran shan ruwansa a duniya, hannunsa ya cafki wata igiya da ke reto a gefen jirgin. Ya nutse amma bai sake ta ba, har ma'aikatan jirgin suka jawo shi, suka sa ƙugiya suka tsamo shi. Sunansa John Howland, kuma ba kowa ba ne a cikin tafiyar, baran wani dattijo ne mai suna John Carver.

Wannan baran ya rayu har 1673. Ya auri Elizabeth Tilley, marainiyar da suka shigo jirgi ɗaya, suka haifi 'ya'ya goma. A cikin tsatsonsu aka samu shugabannin Amurka uku: Franklin Roosevelt, da George Bush uba, da George Bush ɗa. A cikinsa kuma aka samu marubuci Ralph Waldo Emerson da ɗan fim Humphrey Bogart. Shi ya sa masu bin salsala a Amurka ba sa gajiya da labarin igiyar nan.

Fasinjoji 102 jirgin ya kwaso daga garin Plymouth na Ingila a watan Satumba, ya yi kwana 66 a kan ruwa kafin ya isa gaɓar Cape Cod, a jihar Massachusetts ta yau. Wasu daga cikinsu 'yan tawayen addini ne da suka ɓalle daga Cocin Ingila, suka yi zaman gudun hijira a birnin Leiden na ƙasar Holan tun 1609. Sauran kuwa neman abinci ya fito da su, akwai masu sana'ar hannu, da barori, da yara. Sun sauka a bakin hunturu, babu gida babu rumbu. Kafin bazara ta kama, kusan rabinsu sun riga mu gidan gaskiya saboda sanyi da yunwa da cuta. Mata su suka fi jin jiki: a cikin matan aure 18 da suka taso, huɗu kacal suka ga girbin farko na 1621. Ita Elizabeth Tilley tana 'yar shekara 13 ta rasa uwa da uba a wannan hunturun.

Abin da ya bambanta waɗannan mutane da dubban baƙin da suka tsallaka tekun a wancan ƙarnin shi ne wani ya zauna ya rubuta sunayensu. William Bradford, wanda ya shafe kusan shekara talatin yana gwamnan sabon garin da suka kafa suka raɗa wa suna Plymouth, ya rubuta tarihin zamansu. Wajen 1651 ya ƙara jerin fasinjojin a ƙarshen littafin, gida-gida, da wanda ya mutu, da wanda ya yi aure, da yawan 'ya'yan da kowa ya haifa. Wannan jerin shi ne tushen duk wata salsalar Mayflower.

Shi kansa littafin ya sha yawo. An ajiye shi a hasumiyar wani coci a Boston, ya ɓace lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, sa'ad da sojojin Ingila ke riƙe da birnin. Shekara kusan tamanin babu labarinsa. Sai a 1855 aka gano shi a ɗakin karatu na Bishop ɗin Landan, a fadar Fulham. Aka buga shi a 1856, aka mayar da ainihin rubutun Massachusetts a 1897. Bayyanarsa ta ɓata wa wasu gidaje rai. Jikokin Howland sun daɗe suna gaya wa 'ya'yansu cewa kakansu ɗiyar Gwamna Carver ya aura, wato bara ya samu 'yar maigida. Da aka buɗe littafin Bradford sai aka tarar babu wannan zance, marainiyar gidan Tilley ce matarsa. Labarin baka yakan ƙara wa miya gishiri, kuma kusan kullum ɓangaren sarauta yake karkata.

A shekarar da littafin ya dawo, 1897, aka kafa babbar ƙungiyar zuriyar Mayflower a Plymouth. Lokacin ba haɗuwar banza ba ce. A waɗannan shekarun ne baƙi daga Italiya da Poland da Rasha suke kwarara cikin Amurka ta tsibirin Ellis, wanda aka buɗe a 1892, kuma tsofaffin gidajen Turawan Ingila suka fara jin ana neman shafe su. Ƙungiyoyin gado suka yi ta tsirowa: ta 'ya'ya maza na mayaƙan neman 'yancin Amurka a 1889, ta 'ya'ya mata a 1890. Kowace na son ta nuna cewa ita ce 'yar gida, sauran 'yan zuwa ne. Akwai abin dariya a nan, domin su ma kakannin da ake tunƙaho da su baƙin haure ne da suka iso da yunwa, har suka tona rumbun masarar mutanen da suka tarar suka ɗiba.

Shiga ƙungiyar ba da baki ake yi ba. Mai nema sai ya fara daga kansa ya yi baya, zuriya bayan zuriya, kowane mataki da takardarsa: shaidar haihuwa, da ta aure, da ta mutuwa. Idan aka wuce zamanin da gwamnati ke ba da irin waɗannan takardu, sai a koma kundin coci inda ake rubuta baftisma, da kundin magatakardan gari, da takardun sayen gona, da rubutun kan dutsen kabari. Wasiyya ita ce zinariyar masu wannan aiki, domin mai wasiyya yakan jero 'ya'yansa da suna, har da sunan mazajen 'ya'yansa mata. Ƙungiyar ta sauƙaƙa rabin hanyar da wasu jerin littattafai masu bango ruwan azurfa, waɗanda suka tantance zuriya biyar na farko na kowane gida. Aikin mai nema shi ne ya haɗa kansa da wani suna da ke cikinsu. Kowane reshen jiha yana da masanin tarihi da ke duba takardun, kuma mahaɗa ɗaya ta yi rauni, an mayar da fayil.

Tarkunan suna da yawa. Mutanen wancan zamanin suna maimaita suna kamar yadda gidajenmu ke cika da masu sunan kaka, sai a samu John uku a gari ɗaya, uba da ɗa da ɗan wa. Idan jariri ya rasu, sau da yawa sunansa ake ba wanda ya biyo shi. Ga kuma rikicin kalanda: kafin 1752, a Ingila da yankunan da take mulka sabuwar shekara ranar 25 ga Maris take kamawa. Saboda haka Howland, da ya rasu a watan Fabrairu, kundin garinsu ya ce 1672, lissafin yau ya ce 1673, masana kuma suna rubuta duka biyun. Wanda bai san wannan ba, zai iya ganin kamar an binne mutum kafin ya rubuta wasiyyarsa.

Mata su ne suka fi ɓacewa a takarda. Mace tana aure sunan gidan ubanta ya tafi. Matar James Chilton da matar Edward Fuller duk sun shigo jirgin, duk sun mutu a huntur na farko, duk sun bar zuriya, amma Bradford bai rubuta sunayensu ba. Ya ce dai wane da matarsa.

Idan aka tona sosai, ba waliyyai kaɗai ake tararwa ba. John Billington tun a jirgi gidansa ya fara ba da ciwon kai, ɗansa Francis ya harba bindiga kusa da gangar albarushi, saura ƙiris ya tashi da kowa. A 1630 Billington ya harbe wani mai suna John Newcomen, aka rataye shi, ya zama Bature na farko da aka zartar wa hukuncin kisa a garin. Duk da haka jininsa ya kai fadar shugaban ƙasa ta wurin James Garfield. John Alden kuwa ba don addini ya taho ba, an ɗauke shi aiki ne ya riƙa gyaran gangunan katako na ruwa da giya. Ya auri Priscilla Mullins, wadda ita ma ta rasa iyayenta, kuma daga gidansu shugaba John Adams da ɗansa John Quincy Adams suka fito.

Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na yara huɗu 'yan gidan More, babbarsu 'yar shekara takwas, ƙaramarsu 'yar huɗu. Bradford ya rubuta su a matsayin yaran da aka raba wa manyan tafiyar, aka daɗe ana ɗauka marayun titin Landan ne. A 1959 wata tsohuwar takarda ta fito daga gidan danginsu a Shropshire, ta nuna 'ya'yan masu ƙasa ne. Mijin uwarsu, Samuel More, ya zarge ta da cin amanar aure, ya ce yaran ba nasa ba ne, ya ƙwace su ya biya aka sa su a jirgi. Uku suka mutu a watannin farko. Richard kaɗai ya tsira, ya girma ya zama kyaftin ɗin jirgin ruwa a Salem, inda kabarinsa yake har yau. Bincike ya nuna cewa waɗannan yaran da aka yar su ne fasinjojin da ake iya bin nasabarsu har zuwa sarakunan Ingila da Scotland.

To, mutum nawa ne jinin Mayflower a yau? Ƙungiyar ta ƙiyasta kusan miliyan 35 a duniya, miliyan 10 daga ciki a Amurka, duk daga gidaje 26 da suka bar baya. Adadin yana da ban mamaki har sai an yi lissafi. Mutanen New England na farko suna aure da wuri, suna haihuwa da yawa, kuma bayan shekarun wahala 'ya'yansu sun fi na Ingila rayuwa. Gida mai 'ya'ya goma ya ba da jikoki tamanin da wani abu, kamar na Howland, sai a yi ta maimaita wannan har zuriya goma sha uku ko sha huɗu. Ta ɗaya gefen kuma, duk wanda ya koma baya zuriya 13 yana da gurbin kakanni 8,192. Wanda ya rataya takardar Mayflower a bangon falonsa ya zaɓi ɗaya ne ya bar sauran dubu takwas, kuma ilimin gado ya nuna mai yiwuwa ne bai gaji ko ɗigon ƙwayar halitta daga wannan kakan ba. Mafi yawan miliyoyin nan ma ba su san suna ciki ba. Takarda ce ta raba su da 'yan ƙungiya.

Akwai waɗanda takardar ba ta yi musu adalci ba ko kaɗan. Shekara ɗaya kafin Mayflower, a watan Agusta na 1619, wani jirgi ya sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a Point Comfort da ke Virginia, waɗanda aka kamo daga yankin Angola. Zuriyar bayi a Amurka idan suna bin salsala sukan ci karo da bango a 1870, domin ƙidayar wannan shekarar ce ta farko da ta rubuta mafi yawansu da suna. A ƙidayar 1850 da ta 1860, an jera bayi ne a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launin fata kawai. Wanda ke neman kakarsa sai ya duba takardun rabon gado na Turawa, inda sunanta zai iya fitowa a layi ɗaya da shanu da kujeru, da farashi a gefe.

Su kuma masu ƙasar, Wampanoag, a kan kufansu aka gina Plymouth. Garin Patuxet ne a wurin, annoba ta share shi tsakanin 1616 da 1619. Tisquantum, wanda ya koya wa baƙin shukar masara, ya tsira ne saboda wani kyaftin ɗin Ingila ya sace shi a 1614 ya kai shi Turai, ya dawo ya tarar babu kowa. Sarkin Wampanoag Massasoit ya ƙulla amana da baƙin a 1621, amanar ta riƙe shekara hamsin da ɗoriya. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin ɗansa Metacom da 'ya'yan waɗanda ubansa ya taimaka, kuma gwamnan Plymouth a lokacin, Josiah Winslow, ɗan fasinjojin Mayflower ne uwa da uba. Aka kashe Metacom a 1676, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth. Matarsa da ɗansa ɗan shekara tara aka kama su, aka sayar da yaron bawa a ƙetaren teku. Malaman coci sun yi musayar wasiƙu a kan ko a kashe shi ko a bar shi, babu wanda ya rubuta sunansa.

Wampanoag ba su ƙare ba. Suna nan a Mashpee da Aquinnah, kuma tun 1970, a ranar da Amurkawa ke bikin godiya, 'yan asalin ƙasar suna taruwa a tudun Cole's Hill na Plymouth suna zaman makoki, kusa da gunkin Massasoit. A tsibirin St. David's na Bermuda kuma akwai gidajen da suka riƙe a baka, kaka da kakanni, cewa su jikokin fursunonin yaƙe-yaƙen New England ne da aka sayar can. Tun farkon shekarun 2000 suka fara shirya taro da ƙabilun Massachusetts da Connecticut, ana zuwa ana kallon fuskokin juna ana neman kama.